Dalilin da ke sa hoton RAW ya dushe idan an fitar da shi domin kallo a allo

Ƙorafi ne da ya yawaita a tsakanin masu ɗaukar hoto, musamman waɗanda suka bar ɗauka da JPEG, wato hoton da kyamara ta riga ta gyara da kanta, suka koma RAW, wato ɗanyen fayil da ba a gyara ba, saboda sun ji an ce a nan inganci yake. Mutum zai ɗauki hoton amarya a wurin kamu, ya duba bayan kyamara ya ga komai ya fito tar, har ana iya ƙirga gashin ido da zaren leshi. Ya koma gida ya ɗora hoton a kwamfuta, ya gyara haske da launi, ya fitar da shi, ya tura wa masu biki. Da ya buɗe abin da ya tura sai ya tarar ido ya yi dishi-dishi, fata ta yi sumul kamar an goge, aikin da ke jikin mayafi kuwa ya cakuɗe ya zama abu ɗaya. Daga nan sai a shiga neman mai laifi. Wani ya ce manhajar gyara ce, wani ya ɗora wa lens, wani kuma ya fara tara kuɗin sabuwar kyamara. Ruɗanin ya ƙara bazuwa tun da wayoyin hannu suka shigo cikin harkar, domin Android ta buɗe ƙofar ɗaukar RAW tun 2014, kamfanin Apple kuma ya kawo nasa tsarin mai suna ProRAW a ƙarshen 2020.

A mafi yawan lokuta ana barin jaki ne ana dukan taiki. Kaifin hoto ba wani abu ba ne da ke ajiye a cikin fayil wanda maɓallin fitarwa ke zubarwa. Abu ne da ake samarwa daidai da girman da za a kalli hoton, kuma duk lokacin da girman ya canza sai an sake samar da shi. Tsakanin kyamara da idon mai kallo hoto yakan bi ta hannu huɗu ko biyar, kowane hannu yana taɓa girmansa, kuma mai hoton ba ya ganin aikin mafi yawansu.

## Mene ne RAW, mene ne kuma kaifi

RAW ba hoto ba ne irin wanda ido zai iya kallo kai tsaye. Ɗanyen bayani ne na yawan hasken da ya faɗa kan kowane ɗigo na sensar kyamara, wato farantin da ke karɓar haske a bayan lens. Kowane kamfani da irin nasa: Canon na da CR2 da CR3, Nikon na da NEF, Sony na da ARW, Fujifilm na da RAF, sannan akwai DNG wanda Adobe ya fitar a 2004 domin ya zama na kowa da kowa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ɗigon sensa ba ya ganin launi, yawan haske kawai yake aunawa. Domin a samu launi sai aka lulluɓe ɗigogin da ƙananan matatai masu launi uku, a yawancin kyamarori bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya ƙirƙiro, wanda aka yi wa rajista a 1976. A wannan tsari rabin ɗigogin kore suke gani, rubu'i ja, rubu'i shuɗi. Ke nan a kyamara mai megafiksel 24, wato mai ɗigo miliyan 24, ɗigo miliyan 12 ne suka auna kore, miliyan 6 ja, miliyan 6 shuɗi. Alhali hoton da za a kalla yana buƙatar launukan uku a kowane ɗigo, don haka kashi biyu cikin uku na bayanin launi kintatarsa manhaja ke yi ta hanyar duba maƙwabtan kowane ɗigo. Duk ƙwarewar manhaja, kintace yakan tausasa gefen abubuwa. Ƙari a kan haka, kyamarori da dama suna da wani siririn gilashi a gaban sensa wanda aikinsa shi ne ya ɗan dusar da hoto da gangan, domin kada zane mai ƙananan layuka ya haifar da igiyoyin launi na ƙarya. Nikon ya fitar da D800E a 2012 inda ya soke tasirin wannan gilashi, daga baya wasu kyamarorin da yawa suka daina sa shi gaba ɗaya, amma har yanzu yana nan a cikin wasu. Ma'anar wannan duka ita ce hoton RAW da laushinsa ake haihuwarsa.

Shi kuwa kaifi, abubuwa biyu ne da ake kira da suna ɗaya. Na farko shi ne yawan ƙananan bayanai da aka kama, kamar ko za a iya rarrabe zare biyu da ke kusa da juna. Wannan ya dogara ne da lens, da daidaiton saitin lens a kan abin da ake ɗauka, da rashin motsin hannu lokacin ɗauka, kuma idan ba a kama shi a lokacin ba babu mai dawo da shi. Na biyu shi ne yadda gefen abu ke rabuwa da abin da ke bayansa, wato ko daga duhu zuwa haske an tsallaka ne farat ɗaya ko kuwa a hankali. Wannan na biyun shi ne ido ke saurin lura da shi, shi ne ake nufi idan an ce hoto ya fito rau, kuma shi ne manhaja ke iya ƙarawa ko ragewa.

## Abin da ke bayan kyamara ba shi ne RAW ba

Tushen ruɗani na farko yana nan. A cikin kusan kowane fayil na RAW kyamara takan saka hoton JPEG da ta riga ta gyara da kanta, ta ƙara masa kaifi, ta ƙara bambancin haske da duhu, ta rage tsaki-tsakin da ƙarancin haske ke jawowa. Wannan shi ne abin da ake gani a ɗan allon bayan kyamara, wanda girmansa bai wuce inci uku ko ɗan sama da haka ba, kuma a irin wannan ƙanƙantar ko hoton da saitinsa ya ɗan kauce zai yi kyau. Shi ne kuma abin da wasu manhajojin duba hotuna ke nunawa idan an buɗe fayil ɗin. Duk wanda ya taɓa shigar da hotuna cikin manhajar gyaran hoto ta Lightroom ya ga sun bayyana da kyau na ɗan lokaci, sannan suka canza suka yi sanyi, to ya ga lokacin da manhajar ta ajiye hoton kyamara ta ɗauko nata fassarar.

Manhajojin da ba na kamfanin kyamarar ba, irin su Lightroom da Capture One da darktable da RawTherapee, galibi ba sa kwaikwayon kaifin da aka saita a cikin kyamara, kowacce da nata ma'aunin take farawa. A Lightroom, alal misali, hoton RAW yakan fara ne da ma'aunin kaifi a kan 40, bayan an ɗaga shi daga 25 a 2018, kuma ko wannan ɗin bai kai zafin abin da kyamarori da yawa ke yi wa JPEG ɗinsu ba, balle wayoyin hannu. Manhajojin kamfanonin su kansu, irin su Digital Photo Professional na Canon da NX Studio na Nikon, waɗanda ake samu kyauta, su ne ke karanta saitin kyamara su maimaita shi. Saboda haka wanda ke gwada abin da ya fitar da abin da ya gani a bayan kyamara, girki biyu ne na masu dafa abinci biyu yake gwadawa.

## Rage girma, inda mafi yawan kaifin ke tafiya

A nan ne gizo ke saƙar. Kyamara mai megafiksel 24 tana ba da hoto mai ɗigo 6000 a faɗi da 4000 a tsawo. Allon kwamfuta da aka fi amfani da shi yana da ɗigo 1920 da 1080. Idan aka buɗe hoton ya cika tsawon allon, zai zama ɗigo 1620 da 1080, wato ƙasa da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Ke nan abin da ido ke gani bai kai kashi 8 cikin ɗari na ɗigogin asali ba, kuma kusan ɗigo 14 ne suka narke suka zama ɗaya. Idan kuwa faɗin 1080 ake so, irin wanda Instagram ya daɗe yana amfani da shi, hoton kwance zai koma 1080 da 720, inda kimanin ɗigo 31 za su haɗe a wuri guda.

A ɗauki silin gashi baƙi mai kaurin ɗigo biyu a kan farin mayafi. Idan aka rage faɗin hoton daga 6000 zuwa 1080, an raba komai gida biyar da rabi da ɗan ɗoriya, don haka kaurin silin ya koma kimanin sulusin ɗigo. Allo kuwa ba ya iya nuna sulusin ɗigo. Abin da manhaja za ta yi shi ne ta gauraya baƙin da farin da ke kewaye da shi, ta fitar da ɗigo ɗaya mai launin toka-toka. Silin bai ɓace gaba ɗaya ba, amma baƙinsa ya tafi, kuma haka ke faruwa ga kowane gefe a cikin hoton: bakin hula, layin kwalli, rubutun da ke jikin kati. Wannan ba kuskuren manhaja ba ne, lissafin ne ya gaji haka.

Hanyoyin yin wannan lissafi sun bambanta, kuma bambancin yana bayyana a ido. Hanya mafi sauri ita ce a ɗauki ɗigo ɗaya a watsar da maƙwabtansa ba tare da gauraya ba. Wannan takan ba da hoto mai kama da kaifi, amma layukan da suka karkata sai su yi haƙora kamar zarto, yadi mai ƙananan layuka kuma, irin su saƙi ko wata shadda ko ɗinkin hula, ya fito da igiyoyin da babu su a zahiri. Akwai hanyar da ke gauraya maƙwabta na kusa kawai, wadda ke ba da hoto mai santsi amma mai laushi. Sai kuma waɗanda ke duba fili mai faɗi su ɗan ƙarfafa gefe, irin su baikubik da ake samu a Photoshop, da hanyar da ke ɗauke da sunan masanin lissafi ɗan asalin ƙasar Hangari, Cornelius Lanczos, wadda RawTherapee da darktable ke amfani da ita. Waɗannan sun fi riƙe kaifi, sai dai wani lokaci sukan bar ɗan siririn layi mai haske a gefen abubuwa masu duhu.

Wani abin da ke ƙara rikita mutane shi ne abin da suke gani a cikin manhajar gyara ma ba cikakken lissafi ba ne. Domin hoto ya riƙa canzawa nan take yayin da ake jan ma'auni, manhaja takan yi aiki ne da ƙaramin kwafi ta hanya mai sauri idan an buɗe hoton gaba ɗaya a allo. A irin wannan kallo tsaki-tsakin hoto da kaifin da aka ƙara sukan fito fiye da yadda suke, ido kuma yakan ɗauki tsaki-tsaki a matsayin kaifi. Da an fitar da hoton ta hanyar lissafi mai kyau sai tsaki-tsakin ya narke, mai hoton ya ga kamar an sace masa wani abu, alhali abin da ya tafi ɗin tun farko ba bayanin gaskiya ba ne. Shi ya sa Adobe da kansa ke ba da shawarar a zuƙo hoto zuwa kashi 100 kafin a yanke hukunci a kan kaifi, wato inda kowane ɗigon hoto ya hau kan ɗigon allo guda.

## Kaifafawa hawa uku

Ƙara kaifi a kwamfuta dabara ce da aka gada daga ɗakin wanke hoto na zamanin fim. Abin da ake yi shi ne a nemo gefen abu, a ƙara wa ɓangaren da ke da haske haske, a ƙara wa mai duhu duhu, sai ido ya ga kamar rabuwar ta fi tsabta. Ba a ƙara wani sabon bayani ba. Dabarar tana da ma'aunai biyu masu muhimmanci, ƙarfi da faɗi, kuma faɗin da ɗigo ake auna shi. Wannan shi ne mabuɗin maganar gaba ɗaya. Idan aka kaifafa hoto mai faɗin 6000 da faɗin ɗigo ɗaya, sannan aka rage shi zuwa 1080, wancan ɗigo ɗayan ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na ɗigo, wato kaifin da aka sha wahalar saitawa ya narke tare da silin gashin da aka ambata a baya.

Marigayi Bruce Fraser, wanda ya yi fice wajen rubutu a kan sarrafa hoto a kwamfuta, shi ne ya yayata tsarin raba aikin gida uku. Hawan farko ana yin sa ne a kan cikakken hoto domin rama laushin da sensa da lens suka jawo, kuma kaɗan ake so. Hawa na biyu na zaɓi ne, inda ake ƙara wa ido ko ɗinki ko rubutu a bar fata da sararin sama. Hawa na uku shi ne wanda ake yi bayan an rage girma, daidai da inda hoton zai je. Tun daga Lightroom na biyu da ya fito a 2008 wannan hawa na uku yana cikin akwatin fitar da hoto, inda ake zaɓar ko allo, ko takarda mai sheƙi, ko marar sheƙi, sannan a zaɓi ƙarfi kaɗan, matsakaici ko mai yawa. RawTherapee ma yana da wurin kaifafawa bayan rage girma. Da yawa daga cikin masu ƙorafin dushewa, idan aka bincika, za a tarar sun cika hawan farko har ya yi yawa, sun bar na ukun a kashe.

Wuce gona da iri ma da nasa illar. Idan ƙarfin ya yi yawa sai a ga farin layi ya zagaye kai da kafaɗa kamar an bi da alli, ƙofofin gashin fata su fito ɓaro-ɓaro, hoda da ƙurajen da ido bai damu da su ba su zama su ne abin kallo. Garin neman gira ke nan a rasa ido, kuma a hoton amarya wannan ya fi laushin zama abin ƙorafi.

## Matsewar JPEG da batun launi

Tsarin JPEG, wanda aka amince da shi a 1992, yana rage nauyin fayil ne ta hanyar yanka hoto zuwa ƙananan murabba'ai masu ɗigo takwas-takwas, sannan ya zubar da mafi ƙanƙantar bayanan da ke cikin kowanne, waɗanda kuwa su ne ainihin abin da ke ba da kaifi. Idan matsewar ta yi yawa yakan kuma rage bayanin launi ya koma rubu'in na haske, abin da ya sa jan rubutu ko jan zare a kan baƙi ke saurin yin dishi-dishi. Duk da haka, a matakin inganci na 80 zuwa sama, da wuya ido ya bambanta hoton da aka matse sau ɗaya da na asali. Ɓarnar tana zuwa ne daga maimaici, idan aka matse abin da aka riga aka matse, musamman bayan an sake canza masa girma.

Launi ma yakan yi shigar burtu. Idan aka fitar da hoto da tsarin launi mai faɗi irin Adobe RGB ko ProPhoto RGB, aka buɗe shi a manhajar da ba ta karanta alamar tsarin, launukan sai su koɗe, hoton ya yi fari-fari. Kaifinsa bai ragu ba ko kaɗan, amma ido yakan fassara koɗewa a matsayin dushewa. Tsarin sRGB, wanda HP da Microsoft suka fitar a 1996, shi ne har yanzu mafi aminci ga hoton da ba a san a wane allo za a buɗe shi ba.

## Hannuwan da mai hoto ba ya gani

Ko da an yi komai daidai, hoton bai isa ba tukuna. WhatsApp, idan an tura hoto ta hanyar da aka saba, yakan rage dogon gefensa zuwa kimanin ɗigo 1600 ya sake matse shi, ta yadda fayil mai megabait goma zai koma 'yan ɗaruruwan kilobait. Zaɓin HD da aka ƙara a watan Agustan 2023 yana barin ɗigo masu yawa, amma shi ma yana matsewa. Turawa a matsayin dokumen ce kaɗai ke isar da fayil yadda yake. Facebook ya daɗe yana tsayawa a ɗigo 2048 a dogon gefe. Waɗannan kamfanoni suna karɓar hotuna masu ɗimbin yawa kowace rana, kuma yawancin masu amfani da su sun fi damuwa da saurin buɗewa da tsimin data, don haka lissafinsu ya karkata ne ga sauri da sauƙin nauyi.

Bayan su akwai manhajar da ke buɗe hoton. Hoto mai faɗin 2048 da aka buɗe a tagar da faɗinta 1300 ne, sai burauza ko manhajar duba hotuna ta sake rage shi nan take, ba tare da ta ƙara masa kaifi ba. Idan kuma hoton ya fi allon ƙanƙanta sai a ja shi a miƙe, wanda ya fi muni. Allon zamani ya ƙara dagula lamarin. Tun da iPhone 4 ta fito a 2010 da ɗigo 326 a kowane inci, allo masu cunkoson ɗigo suka zama ruwan dare, kuma a kansu shafin intanet yakan ba hoto fili mai ɗigo ninki biyu ko uku na abin da aka rubuta. Hoton da aka shirya da faɗin 800 domin gurbi mai 800 zai fito daidai a tsohon allo, amma a sabo sai an miƙe shi zuwa 1600. Waya mai inci 6.5 da ɗigo 1080 da 2400 tana da kimanin ɗigo 405 a inci, takwararta mai rahusa da ke da 720 da 1600 tana da kimanin 270, allon tebur mai inci 24 da ɗigo 1920 da 1080 kuwa kimanin 92 kawai. Fayil guda ne, amma mutum uku masu waɗannan allo uku ba abu ɗaya suke gani ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama. A ɗauki fayil ɗin da aka fitar, kafin a tura shi ko'ina, a mayar da shi cikin manhajar da aka yi gyaran, a buɗe shi a kashi 100. Idan ya fito rau a nan, to fitarwar ba ta da laifi, matsalar tana gaba, a wajen dandalin da aka ɗora shi ko manhajar da ke nuna shi. Idan ya yi laushi, sai a koma kan asalin RAW ɗin shi ma a kashi 100, a duba ko tun farko saiti ya kauce, ko hannu ya motsa, ko an tsuke ƙofar lens fiye da kima zuwa f/16 ko f/22 inda haske da kansa ke fara bazuwa, ko kuma an cika rage tsaki-tsaki har ya tafi da ƙananan bayanai.

## Maganar 72 da 300

Wata shawara da ke yawo ita ce a sa 300 a gurbin ɗigo-a-inci domin hoto ya yi kaifi, ko a sa 72 domin shi ne na allo. Lambar 72 ta samo asali ne daga allon kwamfutar Macintosh ta 1984. A yau wannan lamba rubutu ce kawai a jikin fayil, wadda ke gaya wa injin bugawa girman da zai fitar a takarda: hoto mai faɗin 6000 zai zama inci 20 a kan 300, ko inci 83 da ɗoriya a kan 72. Allo ba ya kula da ita, yawan ɗigo kawai yake ƙirgawa. Inda take da tasiri shi ne idan an rubuta girman da ake so da inci ko santimita maimakon ɗigo, domin inci 10 a kan 72 ɗigo 720 ne, a kan 300 kuwa 3000. Da alama daga nan camfin ya samo gindin zama, tun da wanda ya canza lambar a irin wannan hali da gaske yakan ga bambanci.

## Inda masu sana'ar suka saɓa

Wasu na ganin a fitar da hoto daidai da girman da dandalin ke so, a kaifafa shi a wannan girman, domin idan dandalin bai ga abin ragewa ba sai dai ya matse kawai, kuma hukunci na ƙarshe ya kasance a hannun mai hoto. Hujjarsu tana da ƙarfi a inda girman ya tabbata. Rauninta shi ne dandali yakan canza ƙa'idarsa ba tare da sanarwa ba, kuma yakan yi kwafi daban-daban domin allo daban-daban, ta yadda hoton da aka yanka daidai na bana zai iya zama ƙarami baɗi.

Wasu kuma sun fi son a ɗora babban fayil a bar injin dandalin ya yi aikinsa, suna cewa lissafin rage girma ya inganta, kuma a allon waya mai cunkoson ɗigo ba kowa ke ganin bambancin ba. Wannan ya fi sauƙi, amma yana cin data da lokaci, kuma kaifin hawa na uku ya fita daga hannun mai hoto. A tsakani akwai masu tsayawa a kan dogon gefe na 2048 ko kusa da haka, da kaifi matsakaici na allo, da inganci tsakanin 80 da 90, a matsayin sulhun da ba ya cika ba da kunya a ko'ina. Ga mai tura hotuna da yawa zuwa wurare mabambanta, wannan ra'ayi na uku shi ne ya fi dacewa da yadda abubuwa suke.

Sabon saɓani ya taso a kan manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira, irin su zaɓin ninka girman hoto da Adobe ya ƙara a 2021 da na rage tsaki-tsaki na 2023, da kayan kamfanonin DxO da Topaz. Magoya bayansu na nuna yadda suke ceto hotunan da aka ɗauka a ɗakin taro mai ƙarancin haske. Masu ɗari-ɗari da su na cewa wasu daga cikinsu ba dawo da bayani suke yi ba, ƙago abin da ya yi kama da shi suke yi, wanda a hoton jarida ko na shaida babbar magana ce. Ko ma wane ɓangare aka bi, waɗannan manhajoji a kan cikakken hoto suke aiki, ba su ɗauke buƙatar kaifafawa bayan rage girma ba.

## Abin da ya shafi mai biki da ɗan kasuwa

Wanda ya biya kuɗin ɗaukar hoto yawanci bai san RAW ba, abin da ya sani shi ne abin da ya iso wayarsa, kuma da hotunan wayar da ya saba gani yake gwada shi, waɗanda injin wayar ke cika wa kaifi. Don haka mai kyamarar da ta fi wayar tsada nesa ba kusa ba yana iya shan zargin cewa aikinsa bai fito ba, saboda kawai ya tura ta hanyar da ta rage shi. Mai sayar da atamfa ko shadda ko takalma a intanet shi ma abin ya shafe shi, domin zanen yadi da ƙyallinsa su ne farkon abin da matsewa ke cinyewa, mai saye kuma da abin da ya gani yake yanke shawara.

Asarar da ta fi girma takan bayyana ne daga baya, ranar da aka tashi buga hoton. Kwafin WhatsApp mai ɗigo 1600, idan aka buga shi a kan ɗigo 300 a inci, inci biyar da sulusi kawai zai bayar. Da za a miƙe shi ya zama kalandar biki ko babban hoton bango, sai fuska ta fashe, a koma ana ganin laifin mai bugawa. Iyalai da yawa kuma wannan ƙaramin kwafin ne kaɗai ke hannunsu, mai hoton kuwa ya goge katinsa ya ɗauki wani bikin a kai. Wannan ne ya sa masu sana'ar da suka daɗe a cikinta ke miƙa aiki kashi biyu: ƙananan kwafi da aka kaifafa domin allo, waɗanda za a yi ta yaɗawa a waya, da kuma cikakkun fayiloli da ake bayarwa a filashi ko a tura a matsayin dokumen, waɗanda ake ajiyewa domin ranar bugawa.